Amsa ga Mama: misalan Yesu da littattafan annabawa

Salama a gare ku 'yan'uwa, barkanmu da yamma. Mama, na ji tambayar da kika turo, cewa misalan da Yesu ya bayar shi ya ƙago su ne ko daga annabawa ya ɗauko, kuma yaya za ki koyar da su a ajin matasa. Bari in amsa da murya. Ki jawo Littafi Mai Tsarki kusa, don za mu yi ta buɗe-buɗe.

Da yawa daga cikinsu, tubalin na annabawa ne, ginin kuma nasa. Masu sauraronsa sun taso suna jin karatun Attaura da Annabawa kowace Asabar a majami'a. Da ya ce gonar inabi, ko makiyayi, ko ɓaure, sun riga sun san inda aka dosa. Sai ya bi hanyar da suka sani, can a tsakiya ya canza abu ɗaya. To wannan abin da ya canza, shi za ki nema, don a nan saƙon yake.

Buɗe Ishaya 5, aya 1 zuwa 7. Waƙa ce annabin ya yi a kan ƙaunataccensa mai gonar inabi. Ya kafce ta, ya tsince duwatsu, ya dasa iri mai kyau, ya gina hasumiyar tsaro a tsakiya, ya haƙa wurin matse inabi. Ya zuba ido ya ga 'ya'ya masu daɗi, sai ta ba shi masu tsami. A aya 3 da 4 ya ce wa mutanen Urushalima da na Yahuza su yi hukunci tsakaninsa da gonarsa, me ya rage bai yi mata ba? Sai a aya 7 ya fasa ƙwan: gonar jama'ar Isra'ila ce, Allah ya nemi adalci ya tarar da zub da jini, ya nemi gaskiya ya ji kukan waɗanda aka zalunta. Ishaya ya yi wannan magana fiye da shekara 700 kafin zamanin Yesu.

Yanzu sa yatsa a nan, ki juya Markus 12. Aya ta farko kaɗai ta isa: mutum ya dasa gonar inabi, ya kewaye ta da shinge, ya haƙa ramin matsewa, ya gina hasumiya. Kin ga? Kaya iri ɗaya. Matiyu 21:33 ma haka ya jero su. Luka 20 ya taƙaita, ya ce an dasa gona kawai, shi ya sa na fi so ki koyar daga Markus ko Matiyu, don yara su ga dangantakar da idonsu.

To ina canjin? A Ishaya ba 'yan haya. Laifin na kurangar ce, hukuncin kuma a rushe shinge, a bar gonar ƙaya ta cinye ta, a hana mata ruwan sama. A bakin Yesu kuwa gonar ta ba da amfani, ba a zarge ta da komai ba. Manoman da aka ba hayarta ne suka hana mai gona rabonsa. Ya aiko bawa, suka yi masa duka suka kore shi hannu wofi. Na biyu suka fasa masa kai. Na uku suka kashe. A ƙarshe ya aiko ɗansa da yake ƙauna, shi ma suka kashe. Hukuncin ya faɗa wa manoman, gonar kuma aka ba waɗansu, ba a rushe ta ba. Bayin nan ma ba baƙi ba ne, Irmiya 7:25 da 26 ya ce Allah ya yi ta aiko bayinsa annabawa, aka ƙi ji. Kuma Ishaya da kansa, a 3:14, ya tuhumi dattawa da sarakuna cewa su suka cinye gonar inabin.

Nan ne ake yin babban kuskure, Mama, kuma yana damuna ƙwarai. Mai wa'azi ya karanta Matiyu 21:43 shi kaɗai, inda Yesu ya ce za a karɓe Mulkin Allah daga gare ku a ba al'ummar da za ta ba da amfani, ya ce Allah ya yar da Yahudawa duka. Dalilin kuskuren, bai duba da wa ake magana ba. Koma Markus 11:27, manyan firistoci da malaman Attaura da shugabanni ne suka tare Yesu a Haikali suna tambayarsa wa ya ba shi izini. Markus 12:12 ya ce sun gane da su yake, suka so kama shi amma suka ji tsoron jama'a. Jama'ar nan Yahudawa ne, almajiran Yahudawa ne, Yesu ma haka. Bulus ya faɗa ƙarara a Romawa 11:1 cewa Allah bai yi watsi da jama'arsa ba. Misalin yana nuna shugabannin da suka mai da amana mallakarsu ne, kuma duk mai riƙe da aiki a ikilisiya ya kamata jikinsa ya yi sanyi in ya ji shi.

Na biyu, ɓatacciyar tunkiya, Luka 15:3 zuwa 7. Kafin ki taɓa shi, karanta Ezekiyel 34 gaba ɗaya. Ezekiyel yana zaman bauta a Babila ya kai ƙarar makiyayan Isra'ila. Aya 4 ta lissafa laifinsu: ba su ƙarfafa raunana ba, ba su yi wa marasa lafiya magani ba, ba su ɗaure karyayyu ba, ba su komo da waɗanda suka bauɗe ba, ba su nemi ɓatattu ba. A aya 11 da 16 Allah ya ce shi da kansa zai nema. To dubi Luka 15:1 da 2, Farisiyawa da malaman Attaura suna gunaguni wai Yesu yana ci tare da masu zunubi. Da ya ce wane ne a cikinku mai tumaki 100, ɗaya ta ɓace, ba zai bar 99 ya bi ta ba, magana biyu ya yi a lokaci guda. Ku ne makiyayan da ba su nema ba, aikin da Allah ya ce zai yi da kansa kuma ga shi ina yi. In aka tsaya a tausayin tunkiya kawai, an bar rabin darasin. A aya 17 ta Ezekiyel 34 kuma akwai shari'a tsakanin tumaki da raguna da bunsuru, ki riƙe ta don ranar da za ki kai misalin tumaki da awaki a Matiyu 25.

Ƙwayar mastad kuwa, Markus 4:30 zuwa 32, ki haɗa ta da Ezekiyel 17:22 da 23, inda Allah ya dasa tohon itacen al'ul a kan dutse mai tsawo, tsuntsaye iri iri suka zauna a inuwarsa. A Daniyel 4 ma babban itace mai tsuntsaye shi ne Sarki Nebukadnezzar. Tsuntsayen suna nan a misalin Yesu, amma al'ul ya koma ɗan tsiron lambu. Ana jiran mulki irin na manyan dauloli, shi kuma ya nuna musu ƙwayar da da kyar ake ganinta a tafin hannu.

Sai dai a yi hattara, ba kowane misali ne yake da annabi a bayansa ba. In abubuwa uku ko huɗu suka zo tare, kamar shinge da hasumiya da matsewa, dangantakar tana da ƙarfi. In kalma ɗaya ce kawai ta yi kama, kada ki gina darasi a kanta.

Ga yadda za ki yi a aji. Ki fara da annabin, a karanta da ƙarfi, surar duka ko sashen duka, minti 10 ya isa. Sannan a karanta misalin. Ki raba allo gida biyu, ɗaya na abin da ya zo daidai, ɗaya na abin da ya canza, ki bar matasan su cika da kansu, kada ki riga su faɗa. Daga nan a koma ayoyin da suka gabaci misalin a gano su wa ke tsaye a gaban Yesu. In Littafinki yana da ƙananan ayoyin nuni a ƙasan shafi ko a gefe, su za su kai ki wurin annabin. Wannan Lahadin ki ɗauki Ishaya 5 da Markus 12 kawai, Ezekiyel 34 ya jira mako mai zuwa. Allah ya ba da hikima, a gaida gida.