Zan iya sa wa injin ban-ruwa CDI na babur?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni manomin rani ne a yankin Kadawa. Ina da injin ban-ruwa mai inci 3, ɗan China, irin wanda aka kwaikwayi Honda GX160. Da safe yana tashi lafiya, amma da ya yi kamar rabin awa sai ya mutu, ba ya sake tashi sai ya huce. Ƙanena ya nuna min bidiyo a YouTube inda wani Bature ya canza wa irin injin nan tsarin wuta. Muna da mataccen babur a zaure. Zan iya cire CDI ɗinsa, wato ɗan akwatin da ke sarrafa wutar filogi, in haɗa?

Amsa: Wa alaikumus salam. Filin nan na waya da kwamfuta ne, amma tunda a waya aka gano dabarar, ba zan gudu ba. Ka bar babur ɗin nan ya ci gaba da hutawarsa a zaure.

Injinka ba ya buƙatar batir kafin ya ba da wuta. A jikin fulawil, wato faifan ƙarfen da igiya ke juyawa, akwai maganaɗisu. Duk zagayen da ya yi ya gifta ƙafafun koyil, sai koyil ɗin ya haifar da dubban volt ya aika wa filogi. Abin da ke yanke wutar a daidai lokacin da ya kamata ɗan taransisto ne da aka binne a cikin koyil ɗin kansa. Ka ga ke nan tsarin lantarkin da kake son sa wa injin, da shi ya fito daga kamfani. Tsofaffin injuna masu poyin, wato ƙananan ƙarafan da ke buɗewa su yanke wutar, waɗanda ake gogewa da sanfefa, su ne suka cancanci a canza musu, kuma tun farkon shekarun 1980 kamfani irin Briggs & Stratton ya daina dogaro da poyin.

CDI na babur kuwa ba ya aiki shi kaɗai. Yana son ɗan koyil na daban da zai riƙa gaya masa inda fistan yake, sannan yana son wutar da zai tara, ko daga koyil ɗin cikin injin babur ko daga batir mai volt 12. Duka biyun babu su a injinka. Ko ka sha wahala ka ƙera musu wurin zama, me ka samu? Amfanin CDI a babur shi ne sauya lokacin tartsatsi idan gudu ya hau ko ya sauka. Injin ban-ruwa kuwa gudu ɗaya yake yi tun safe har yamma, wajen zagaye 3,600 a minti.

Yawancin irin bidiyon da ƙanenka ya gani na 'yan tseren ƙananan motoci ne a Amurka. Suna cire gwamnan inji, wato abin da ke riƙe gudunsa, suna kuma goge ɗan ƙarfen nan mai kamar rabin wata da ke kulle fulawil a sandar inji, don wuta ta riƙa zuwa da wuri. Abin da ba a cika kula da shi ba a bidiyon shi ne sun canza fulawil zuwa na alminiyam da aka ƙera don tsere. Naka zubin ƙarfe ne, idan gudu ya wuce ƙima yana iya tarwatsewa, kai kuma kana tsugune a gefensa. Kada ka taɓa waɗannan biyun.

Yanzu ga ciwon injinka. Ka tafi gona da sifanar filogi, ka jira ya mutu. Nan take, tun yana da zafi, ka kwance filogi, ka mayar masa da hularsa, ka jingina ƙarfensa a jikin inji nesa da ramin filogi da tankin mai, ka ja igiya. Ka riƙe ta wajen robar, in ba haka ba za ka tuna da ni har dare. Idan ka ga tartsatsi shuɗi mai ƙarfi, wuta ba ta da laifi. Ka duba kafireta da ɗan hujin iska na murfin tanki, don idan ya toshe mai yakan daina sauka.

Idan babu tartsatsi, ka zare siririyar baƙar wayar da ta fito daga koyil zuwa makunni, ka sake gwadawa. In wuta ta dawo, laifin na makunni ne ko na na'urar da ke kashe inji idan baƙin mai ya yi ƙasa. Wannan na'ura tana yawan ruɗa manoma, domin a gangaren kwata ake ajiye inji, man ya kwanta gefe guda, ita kuma ta ɗauka ya ƙare. Na san wasu makanikai cire wayarta kawai suke yi. Ni ban yarda ba: ka cika mai, ka daidaita wurin da injin ke zaune. In kuwa ka zare wayar amma shiru, ka gwada sabon filogi. Shi ma in shiru ne, koyil ne ke mutuwa idan ya ji zafi, kuma irin bayaninka ya fi kama da haka. Ka tafi da tsohon a hannu Sabon Gari ka sayo irinsa.

Wajen ɗaurawa, ratar da ke tsakanin koyil da fulawil kusan milimita 0.4 ce. In ba ka da ma'auni, ka yanko katin ɗaurin aure ka sa a tsakani, ka juya fulawil har maganaɗisu ya ja koyil ya manne, ka ɗaure kusoshin biyu, ka zare katin. Bakin filogi kuma tsakanin 0.7 da 0.8.

Tambaya: Malam, ina sana'ar cajin waya da ƙaramin janareta a wani ƙauye kusa da Auyo. An ƙara min gudunsa don ƙwai ya yi haske, yanzu caja sai ƙonewa take yi. Ko koyil zan canza?

Amsa: Koyil ɗin filogi ba ruwansa. Janaretan da aka yi wa ƙasar nan zagaye 3,000 a minti ya kamata ya yi, shi ne zai ba da wuta mai bugun 50 a daƙiƙa da volt 220 zuwa 230. Da aka ƙara gudu, volt ya hau. Ka duba jikin caja, za ka ga yawanci an rubuta 100 zuwa 240. Ka sayi mitar awon wuta, ka jona cajojinka yadda ka saba, a sassauta gwamna har allon ya nuna wajen 230. Kuma ka zare wayoyin mutane kafin ka tayar ko ka kashe, ko idan ka ji mai zai ƙare injin ya fara shessheƙa.

Tambaya: Da na tayar da inji sai rediyona ya kama ƙara tat-tat-tat. Me ke kawo haka?

Amsa: Tartsatsin filogi ne rediyon ke kamawa. Ka nemi filogi mai harafin R a lambarsa, kamar BPR6ES maimakon BP6ES. Akwai abin da ke danne ƙarar a cikinsa. Sannan ka matsa da rediyon nesa da injin.