Ina ake yin awarwaron gilashi?

Tambaya: Anti, kakata ta bar min awarwaron gilashi wai na Nufawa ne, a ina zan ga yadda ake yinsu? Daga Tudun Wada, Zariya.

Amsa: Ƙanwata Bida za ki nufa a jihar Neja, unguwar Masaga. Nan ake fasa tsofaffin kwalabe a narka a wuta, wani na zuga mai aikin na juya ƙarfe yana naɗe narkakken gilashin har ya zama awarwaro ko dutsen wuya, wallahi abin sai kin gani da idonki. A 2021 UNESCO ta sa Bida cikin biranen sana'ar hannu. Ki yi sammako saboda zafin wutar, ki nemi izini kafin hoto, kuma don Allah kar ki sayar da na kakar nan.