Zan kai uwargida Istanbul, a tsohon gari za mu sauka ko a bakin ruwa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Don Allah ina neman shawara, shekararmu goma da aure, ina so in kai uwargida Istanbul mu yi kwana biyar mu biyu kawai ba yara, kuma so nake otal ɗin ya zama na alfarma sosai. Na duba intanet har kaina ya ɗaure, wasu na cewa Sultanahmet wasu na cewa bakin ruwa. Wanne ya fi?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya ƙara danƙon ƙauna, wallahi na ji daɗin wannan niyya taka. To ni dai shawarata ka raba kwanakin gida biyu, biyun farko a tsohon gari, ukun ƙarshe a bakin ruwa, bari ka ji dalili.

Sultanahmet, wato tsohon garin, nan ne tarihin yake a cunkushe wuri guda. Aya Sofiya, tsohuwar coci da aka gama ginawa a shekarar 537, wadda ta koma masallaci bayan Sarki Muhammadu Fatih ya ci birnin a 1453, tana fuskantar masallacin Sultan Ahmad mai hasumiya shida, ga fadar Topkapi a bayanta, duk da ƙafa za ku zaga ba ruwanku da tasi. Amfanin kwana a nan shi ne asuba, kafin motocin 'yan yawon buɗe ido su fara sauke jama'a filin nan shiru ne, ku fito ku biyu ku taka a hankali, wannan kam wanda ya kwana nesa ba zai samu ba. Akwai Four Seasons na Sultanahmet, ginin asalinsa kurkuku ne na ƙarshen zamanin Daular Usmaniyya, aka mayar da shi otal a 1996, ɗakunansa 65 ne kacal shi ya sa suke saurin ƙarewa. Sai dai unguwar da rana cike take maƙil, ga masu talla ga masu jan mutum zuwa shagunansu, kwana biyar a haka zai gajiyar da Hajiya, alhali hutu kuka je yi.

Shi ya sa nake so ku ƙare a gefen Bosforus, ruwan da ya raba Turai da Asiya. Can ne za ku zauna a baranda kuna kallon jirage na wucewa ba mai takura muku. Amma fa a nan mutane suke tafka kuskure, su ga an rubuta fada a sunan otal su ɗauka cikin fadar za su kwana. Ɗauki Ciragan Palace Kempinski, fada ce ta gaske da Sarki Abdul'aziz ya gina, gobara ta cinye cikinta a 1910 daga baya aka gyara, to amma yawancin ɗakunan baƙi suna cikin sabon gini ne da ke kusa da ita, fadar kanta 'yan manyan ɗakuna ne kaɗan a ciki masu ɗan karen tsada. Sabon ginin ma yana da kyau, kawai ka san abin da ka biya.

Kuma gaskiya ɗakin ya fi sunan otal ɗin muhimmanci. Otal ɗaya, wani ɗakin tagarsa na kallon ruwa wani na kallon titi, hoton da ka gani a shafinsu kuwa na ɗakin da ya fi kowane kyau ne. Kafin ka biya ka tura musu imel ka tambaya ƙarara, tagar tana kallon ruwa sosai ne ko ta gefe ake hangowa, akwai baranda, hawa na nawa ne, faɗin ɗakin mita nawa, don tsofaffin gine-gine ɗakunansu kan matse kuma ƙarar titi na shigowa. Ka gaya musu murnar cikar shekara goma da aure kuke yi, sau da yawa suna yi wa ɗaki ado da furanni ko su ɗaga ku zuwa wanda ya fi idan akwai fili, in ba kwa shan giya ka faɗa tun wuri domin takan zo cikin irin wannan tarba. Sannan ka zaɓi tsarin da za a iya sokewa a mayar maka da kuɗinka ko da ya ɗan fi tsada, biza takan yi jinkiri.

Lokaci kuwa Afrilu zuwa Mayu ko Satumba zuwa Oktoba, ba zafi ba sanyi sosai. Wajen tsara kwanakin ka tuna Topkapi a rufe take ranar Talata, babbar kasuwar nan mai rufi ta tsohon gari, wato Grand Bazaar, kuma ranar Lahadi, saboda haka kada kwana biyunku na tsohon gari su faɗa kan waɗannan ranakun. Titin bakin ruwa na cushewa da yamma, ranar da za ku canja otal ku tashi da hantsi, ko ɗakin bai shirya ba za su ajiye muku kaya ku hau jirgin ruwa ku tsallaka unguwar Uskudar da ke ɓangaren Asiya ku dawo.