Amsa ga ƙanena mai shirin zuwa Ottawa kan tafkin kifi a bayan gida

Ƙanena, saƙonka ya iso, kuma ina taya ka murnar samun gurbin karatu a Jami'ar Carleton da ke Ottawa, babban birnin Kanada. Allah ya sa albarka. Ka ce kana kiwon tarwada a tamfol a gida, ba ka son rabuwa da harkar, shi ne kake tambaya ko za ka iya haƙa ɗan tafki a bayan gidan da za ka sauka ka zuba jan kifin nan na ado da ake kira goldfish. Ana yi, amma ba a shekarar farko ba.

Tarwada dai cire ta daga lissafi, kifin ruwan ɗumi ce, ba za ta ga ƙarshen Oktoba a waje ba. Jan kifin ado kuwa, wanda asalinsa daga Sin ne, yana jure sanyi ƙwarai, musamman masu siririn jiki irin komet da shubunkin. Masu ƙaton ciki da bazar jela na cikin ɗaki ne.

Abin da nake so ka fahimta shi ne, a nan ƙanƙara ce ke tsara tafki, ba mai shi ba. Mashigin ruwan Rideau, wanda ya bi ta gefen makarantarku, daskarewa yake yi har mutane su riƙa zamiya a kansa, kuma ba a buɗe shi sai kaurin ƙanƙarar ya kai santimita 30. To ka auna ramin da bai wuce gwiwa ba a watan Janairu, lokacin da sanyi ke wuce digiri 20 ƙasa da sifili. Dunƙulewa zai yi har ƙasa da kifin a ciki. Abin da ke ceton kifi wata hikima ce ta Ubangiji: ruwa ya fi nauyi a digiri 4, don haka shi ke kwanciya a ƙasa, ƙanƙara ta tsaya a sama. Can ƙasa kifin ke lafewa, ba ci, motsi kaɗan, har Afrilu. Saboda haka ni ba na ba kowa shawarar ya bar kifi a waje a Ottawa idan zurfin bai haura mita ɗaya ba. Da yawa ma kwashe nasu suke yi a kaka su kai babban baho a ɗakin ƙasa.

Zurfi kaɗai bai isa ba. Idan ƙanƙara ta rufe saman ruf, iskar da ruɓaɓɓen ganye da kashin kifi ke fitarwa ba ta da mafita, sai ta kashe su a hankali. Dole a bar kafa a buɗe, ko da ƙaramar hita mai yawo a kan ruwa, ko da injin hura iska da aka rataya bakinsa kusa da sama don kada ya dama ruwan ƙasa. Idan kafar ta toshe, ɗora tukunyar ruwan zafi ta narkar da wurin. Kada ka ɗauki guduma, girgizar tana illata kifin. A kaka a shimfiɗa raga saboda ganye, kuma da zarar ruwa ya sauka ƙasa da digiri 10 a daina ba su abinci. Wannan na ƙarshen zai yi maka wuya, kai da ka saba ciyar da tarwada safe da yamma.

Sai batun doka, wanda shi ya sa na ce ka dakata. Ɗalibi ɗan haya ne, ba ya saka shebur a filin wani sai da izinin mai gida a rubuce. Ko gidanka ne, a Ontario, lardin da Ottawa take, wajibi ne ka sanar da ofishin Ontario One Call kafin haƙa, su zo su yi alamar bututun gas da wayar wuta, kyauta ne. Garuruwa da yawa kuma na neman shinge idan zurfin ruwa ya kai santimita 60, saboda yara. Ka ga zurfin da kifi ke buƙata ya riga ya shigar da kai ƙarƙashin wannan ƙa'ida. Hanyar lafiya a bi ta da shekara: fara da akwatin gilashi a ɗakinka, ka ga sanyi ɗaya da idonka, kuɗin kuma su tafi ga rigar sanyi da takalmi masu kyau.

Ranar da Allah ya ba ka wurinka, haƙa a watan Mayu, nesa da manyan bishiyoyi, ka shimfiɗa roba mai kauri ta tafki, gefen ya sauka a tsaye don zalɓe da rakun, wata dabba mai satar kifi da dare, su rasa matsaya. Ruwan famfon Ottawa na da sinadarin kuloramin, wanda ba ya fita don an bar ruwa ya kwana, sai an zuba maganinsa. Fara da kifi kaɗan, domin suna girma kuma suna hayayyafa. Idan sun yi maka yawa, ka bayar ko ka tambayi shagon da ka saya ko za su karɓa. Sakin su a kogi laifi ne a nan, kuma tashar ruwan birnin Hamilton na Ontario a yanzu haka fama take da irin waɗanda mutane suka zubar, sun zama manya suna tumɓuke ciyawar ruwa suna dagula wa kifin wurin mazauni.

Ka gaida su Hajiya, ka kuma sanar da ni ranar tashinku.