Siri Lanka bayan yaƙi: bindiga ta yi shiru, amma ina haƙƙin Tamil?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina yawan jin ana kafa hujja da Siri Lanka, wai ita ce ƙasar da ta murƙushe 'yan tawaye ta huta. Shin da gaske an samu zaman lafiya mai ɗorewa? Kuma me ƙabilar Tamil ta samu bayan yaƙin? Daga wani ɗalibi a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Yaƙi kam ya ƙare. A watan Mayun 2009 sojojin gwamnatin Mahinda Rajapaksa suka gama da ƙungiyar 'yan tawayen Tamil ta LTTE a ƙauyen Mullivaikkal, aka kashe jagoranta Prabhakaran, bayan shekara 26 ana zubar da jini. Amma abin da ya haifi rikicin yana nan daram.

Tushensa ya girmi tawayen. 'Yan Sinhala su ne kusan kashi 75 cikin ɗari na jama'a, Tamil 'yan asalin ƙasar kuma wajen kashi 11, mafi yawansu a arewa da gabas. A 1956 aka mayar da Sinhala harshen gwamnati shi kaɗai, aikin gwamnati ya yi wa Tamil wuyar samu. Aka ƙona ɗakin karatu na Jaffna, babban birnin Tamil a arewa, a 1981, sannan kisan gillar da aka yi wa Tamil a watan Yulin 1983 ya tura matasansu ɗaukar makami.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, maganin yana rubuce a tsarin mulkinsu. Yarjejeniyar da Rajiv Gandhi na Indiya ya ƙulla da Shugaba Jayewardene a 1987 ta haifar da gyara na 13, wanda ya kafa majalisun larduna, ya kuma ba harshen Tamil matsayi a hukumance. Sai dai ikon 'yan sanda da na filaye, waɗanda su ne ƙashin bayan lamarin, ba a taɓa sakar wa larduna su ba. Lardin Arewa bai yi zaɓen majalisarsa ba sai 2013, wa'adinta ya cika a 2018, aka shafe shekaru ba a sake wani ba. Dokar hana ta'addanci ta 1979, mai ba da damar tsare mutum ba shari'a, ta ci gaba da aiki bayan yaƙin, sojoji kuma suka daɗe zaune a gonakin mutane.

Sai batun waɗanda suka ɓace. Kwamitin ƙwararru na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce a 2011 fararen hular da suka mutu a watannin ƙarshe za su iya kai 40,000, ya kuma zargi ɓangarorin biyu. Akwai iyayen da suka miƙa 'ya'yansu ga sojoji hannu da hannu, har yau ba labari. Tun 2017 iyaye mata suke zaman dirshan a Kilinochchi riƙe da hotunan 'ya'yansu. Gwamnatin Sirisena ta amince a 2015 za a yi bincike, ta Gotabaya Rajapaksa ta janye a 2020. Uwar da ba ta ga gawa ba, ba ta ga kabari ba, da wane baki za a ce mata ta yafe?

Kada kuma ka ɗauka LTTE tsarkakakkiya ce. Ta sa yara yaƙi, ta kashe masallata a Kattankudy a 1990, a shekarar kuma ta kori Musulmin arewa daga gidajensu. Duk sulhun da zai tsallake Musulmin nan gurgu ne.

A ganina, matakin farko bai ma buƙatar sabuwar doka: a yi zaɓen larduna, a sakar musu ikonsu, a faɗa wa iyaye gaskiya. A zaɓen majalisa na Nuwambar 2024, jam'iyyar Shugaba Anura Kumara Dissanayake, ɗan Sinhala, ce ta zo kan gaba a gundumar Jaffna. Tamil sun ba shi amana, yanzu alƙawuran da ya ɗauka kan filaye da soke dokar 1979 suke jira ya cika.