Ruwan da Ke Ɗiga a Ɗakin Jirgi Ba Duka Ne Yoyo Ba

Ɗana, na ga tambayarka game da jirgin ruwan nan da mata da miji suka mayar da shi gidan zamansu, suna bin gaɓar tekun Norwe daga Bergen zuwa tsibiran Lofoten. Ka ce sun kawo kuka cewa kullum da asuba rufin ɗakin kwanansu yana ɗiga, ƙasan katifa ya jiƙe, tufafi sun fara fumfuna, kuma ka bi tagogi da murfin sama ka sake liƙe su da gam har sau biyu amma ba ta canja zani ba. Kana so ka san ko akwai wata kafa da ta ɓuya maka.

Ban ga laifinka da ka fara zargin yoyo ba, domin ruwan saman da ake yi a Bergen ya haura milimita 2,000 a shekara, kuma yana sauka a fiye da kwana 200. Sai dai kafin ka sake taɓa gam, ka lakaci ɗigon da yatsa ka kai harshe. Idan ka ji gishiri, ruwan teku ne. Idan babu, ka busar da wurin, ka barbaɗa masa hoda, ka dawo washegari. Yoyo yakan ja layi guda daga inda ya ɓullo, kuma yana bin saukar ruwan sama, ita kuwa raɓa takan lulluɓe bango gaba ɗaya, ta fi yawa da asuba ko da an kwana ba a yi ko yayyafi ba. Bisa bayaninka, na fi kyautata zaton raɓa ce, wato su da kansu suke samar da ruwan.

Ka tuna yadda kwalbar lemo mai sanyi take gumi idan an fito da ita daga firji. Iska mai ɗumin digiri 20 tana iya riƙe tururin ruwa kusan giram 17 a kowace mita ɗaya tsawo, faɗi da bisa, amma idan ta huce zuwa digiri 10 ba ta riƙe fiye da kimanin giram 9, sai ta sauke ragowar a kan duk abin da ya fi sanyi. A cikin jirgi kuwa abin da ya fi sanyi shi ne bangon da ke manne da teku, da gilashin taga, da alminiyam ɗin da ya kewaye shi. Tururin yana fitowa daga numfashin mutum biyu dare guda, daga tukunya, daga rigunan ruwan da suka rataye a ciki, sannan daga rishon gas, wanda kilo ɗaya na gas ɗinsa idan ya ƙone yakan bar ruwa fiye da lita ɗaya da rabi a cikin iska. Ka ga ke nan duk kafar da ka toshe, hanyar fitar tururi ka rufe, shi ya sa aikinka na biyu bai fi na farko amfani ba.

Maganin shi ne ɗumi marar laima tare da iska mai wucewa, kuma ɗaya ba ya aiki sai da ɗaya. Ka sa musu hita, wato na'urar ɗumama ɗaki, mai aiki da man dizal, irin na kamfanin Webasto ko Refleks, wanda hayaƙinsa ke fita waje ta bututu, ka bar ƙaramar kafar iska a gaban jirgi da wata a baya, masu murfin da ke hana ruwan sama shiga. Za su ce maka sanyi zai shigo, ka yi haƙuri ka fahimtar da su cewa iskar waje, ko ana ruwa, idan hita ya ɗumama ta sai ta koma mai shanye danshi. Ka gargaɗe su da babbar murya kada su taɓa jin ɗumi da rishon girki a ɗaki rufe, domin bayan laimar da yake ƙarawa, yana iya fitar da iskar guba marar wari da ke kashe mutum cikin barci. Ni ba na sallamar jirgin da ake kwana a ciki sai na liƙa na'urar da ke ƙara idan wannan iska ta taru.

Batun bango kuma, ka nemi soson tare sanyi da ba ya shan ruwa, ka manna shi da jikin jirgin sosai ba tare da barin sarari ba, saboda ko tafin hannu ka bari a buɗe, a nan raɓa za ta taru a ɓoye ta ruɓar da katako. Katifa kuwa kada ta kwanta kai tsaye a kan falanki. Ka jera mata siraran katakai da tazara a tsakaninsu, ka huda ƙofofin kabad ɗin tufafi, ka kuma ware wa rigunan ruwa wuri kusa da matakala, inda ɗaya daga bututun iskar hita zai riƙa busa su. Bayan mako guda ka koma da asuba, kafin su ɗora ruwan shayi, ka ɗaga katifar ka shafa ƙasanta da hannunka, sannan ka aiko mini da abin da ka tarar.