Sakaci daban, wauta daban, rashin wayo daban

Wata malama da ke koyar da Turanci a wata makarantar sakandare a Gusau ta aiko da tambaya. Ta ce ta ba ɗalibanta kalmomi uku su fassara, wato careless da foolish da naive, sai yawancin ajin suka rubuta "wawa" a gaban kowacce. Tana son ta san ko Hausa ce ba ta da kalmomin da za su raba su, ko kuwa yaran ne suka gaza.

Malama, Allah ya ƙara basira. Hausa ba ta gaza ba, yaran ne suka kama kalmar da ta fi kusa da baki. Hanyar da nake bi wajen raba waɗannan kalmomi ita ce in tambaya: shin mutumin ya san abin da ya kamata, ko bai sani ba, ko kuwa an sanar da shi amma kansa bai ɗauka ba?

Wanda ya sani amma bai kula ba, shi ne Bature ke kira careless, mu kuma mu ce ya yi sakaci. Manomin da ya yanke shinkafarsa a fadamar Argungu, ya bar ta a gona yana cewa sai gobe, alhali yana ganin ruwan gulbi yana ƙaruwa, ba wawa ba ne, domin ya fi kowa sanin halin fadama. Sakaci ya yi. Idan abin mantuwa ce ta ɗan lokaci, kamar wadda ke samun mai salla har ya yi ƙabli ko ba'adi, sai a ce rafkanuwa, ko gafala wadda muka aro daga Larabci. Idan kuwa ya zame wa mutum ɗabi'a har bai damu da abin da zai biyo baya ba, sai a ce halin ko-in-kula. Ganganci ya wuce nan duka, kuma shi ne ya yi daidai da reckless. Matuƙin kwale-kwale a Yauri da yake ganin ruwa ya kusa kai bakin jirgi, amma ya ƙara ɗora buhunan hatsi da fasinjoji, bai manta da komai ba, idonsa biyu ya jefa rayukan mutane cikin haɗari. Kada a haɗa ganganci da kasada, domin ana yabon ɗan kasuwa da iya kasada, amma ban taɓa jin an yabi mutum da ganganci ba.

Bambancin nan ba na cikin aji kaɗai ba ne. A shekarar 2010, lokacin da gubar dalma ta kashe yara kimanin 400 a ƙauyukan Zamfara, musamman a yankunan Anka da Bukkuyum, iyaye suna niƙa duwatsun zinariya a cikin gidajensu, ƙurar tana sauka inda yara ke rarrafe. Duk wanda ya rubuta cewa sakacin iyaye ne ya kashe yaran ya zalunce su, domin ba su san akwai guba a cikin ƙurar ba. Wannan rashin sani ne, wanda Hausawa suka ce ya fi dare duhu. Kalmar sakaci ba ta hawa kan mutum sai bayan sani ya iso masa.

Foolish kuwa ita ce ta wauta. Tushen kalmar yana da ban dariya: ta shigo Turanci ta hanyar Faransanci daga wata kalmar Latin mai nufin zugazugi ko jakar fata da aka hura, wato mutumin da babu komai a kansa sai iska. Hausa tana da wadata a nan, har ta fi ƙarfin buƙata. Dolo da soko da gaula sun fi karkata ga nauyin kai da rashin saurin ganewa, sakarai da shashasha kuma sun fi karkata ga lalacewar hali, ga wanda bai san ciwon kansa ba. Malamai a wurin tafsiri sukan fassara kalmar safihai ta aya ta 5 a Suratun Nisa'i da wawaye, wato waɗanda ba a danƙa musu dukiya saboda ba su iya riƙonta ba. Abin da nake so ɗalibanki su lura da shi, Malama, shi ne cewa Bature yakan jingina foolish ga aiki fiye da mutum, saboda haka sau da yawa fassarar da ta dace ita ce "ya yi wauta", ba "wawa ne" ba. Mai hankali yana iya yin wauta sau ɗaya ya ji kunya, kuma wannan kunyar ce shaidar cewa shi ba wawa ba ne. Af, kuma a gaya musu cewa wawan barci da wawan mari babu ruwansu da rashin hankali, nauyi da wuce kima kawai suke nunawa.

Inda aikin yake shi ne naive, domin gaskiya ba mu da kalma ɗaya tak da ta rufe ta, kuma ba na ganin wannan a matsayin aibi. Turanci ma aro ta ya yi daga Faransanci a ƙarni na 17, kuma tushenta na Latin yana nufin abin da yake nan yadda aka haife shi, hannu bai taɓa shi ba. Mutumin da ake kira haka hankalinsa lafiya lau, duniya ce bai sani ba tukuna. Idan yaro ne, sai mu ce ƙuruciya ko yarinta, mu kuma yi masa uzuri da cewa yaro bai san wuta ba sai ya taka. Idan babba ne, sai mu ce ba shi da wayo, ko idonsa bai buɗe ba. Idan ƙarancin yawo ne ya jawo, har yana zaton garinsu ne iyakar duniya, sai mu kira shi kifin rijiya. Akwai gidadanci da ƙauyanci, amma ina jan kunne a kansu, domin suna ɗauke da raini wanda kalmar Turancin ba lallai ta ɗauka ba.

A ɗauki dattijon da ya zo daga ƙauye ya tsaya gaban na'urar cirar kuɗi a Talata Mafara, ya rasa inda zai danna. Wani saurayi mai tsabtar riga ya matso ya ce, "Baba, kawo in taimaka maka." Dattijo ya miƙa kati, ya faɗi lambar sirri da ƙarfi kamar mai ba da sallahu, har ya sa wa yaron albarka. Wannan mutum yana iya zama wanda ake kira sasanta rikicin gona a garinsu, ya san farashin kowane buhu a kasuwa, babu mai yi masa wayo a cinikin shanu. Abin da ya same shi saurin yarda ne, wanda Bature ke kira gullible, kuma farar zuciya ce ta haife shi, domin ya taso inda yaro ba ya cutar sa'an ubansa. Ɗalibin da ya rubuta "wawa" a kan wannan dattijo ya yi kuskuren fassara, ya kuma yi rashin ladabi. Amma idan aka yi masa bayani, wata mai zuwa ya sake miƙa katin ga baƙuwar fuska, to a nan ya fita daga rashin wayo, ya ba kura ajiyar nama da saninsa.

Wani ɗalibi daga Jega kuma ya tambayi wane gida za a ajiye waɗannan karin magana biyu: "An yi sake, ɗan zaki ya girma" da "Karambanin akuya, gai da kura."

Ɗana, na farkon na gidan sakaci ne kai tsaye, domin sake da sakaci 'yan ɗaki ɗaya ne. Ana faɗinsa idan an bar ƙaramar matsala ko ƙaramin abokin hamayya har ya fi ƙarfin mutane, alhali an gan shi tun yana jariri, lokacin da sanda ɗaya ta isa. Na biyun ya fi kusa da ganganci, sai dai karambani yana da nasa ɗanɗano, wato shiga abin da ba a sa ka ba kuma ba ka da ƙarfinsa. Akuyar ba baƙuwa ba ce a dajin, ta san kura sarai, kuma babu wanda ya aike ta gaisuwar.